Wasiƙa game da masaukin 'yan zamiyar ƙanƙara a Mývatn

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na duba zanen da ka aiko na masaukin masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kusa da tafkin Mývatn, a arewacin Aislan. Zanen ya yi kyau, amma akwai gyara.

Fara da harsashi. Daskararren aman dutse mai wuta da ke shimfiɗe a ƙasar wurin yana da ruɗi: sama tauri, ƙasa kogo. Dutsen Krafla da ke nan kusa ya yi ta amai daga 1975 zuwa 1984, ƙasar ta tsattsage. A huda a gwada duk inda ginshiƙi zai tsaya. Ka ɗora ginin a kan gajerun ƙafafun ƙarfe maimakon zuba daɓen kankare, don gansakukar wurin idan an tattake ta sai ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba.

Rufin ne ya fi damuna, ka shimfiɗa shi da yawa. Na ga ka yi lissafin nauyin ƙanƙara, amma ka manta da tokar aman dutse. Jiƙaƙƙiyar tokar dutse mai kaurin santimita 10 tana iya kai kilo 200 a kowace murabba'in mita, ga ƙanƙara a kanta. Ka karkata shi kamar digiri 35, ka cire indararo, toka toshe shi take yi. Kuma kada gangaren ya zubo bakin ƙofa.

Ƙofar ma ka yi mata zaure, ƙofa biyu, ta yadda ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Nan za a jingine allunan zamiya, a kakkaɓe takalma a kan raga.

Bango kuwa katako, a cusa audugar dutse mai tare sanyi santimita 25, ana yin ta a garin Sauðárkrókur na Aislan. A nan ake yawan kuskure: ledar tare tururi daga ɓangaren ɗumi take zama, wato ciki. Mutum ashirin da jiƙaƙƙun kaya, tururi ya ratsa bango, ya tarar da sanyi ya koma ruwa, katako ya ruɓe ba wanda ya gani. A liƙe kowace mahaɗa, har gefen soket.

Farantan sola da ka jera, rage su. Wajen ƙarshen Disamba hasken rana a can kamar awa uku ne kawai, lokacin da ake buƙatar ɗumi ke nan. In ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa na kusa, shi ne abin dogaro, sai dai kada ya shiga bututun ɗaki kai tsaye. Yana tara tsatsa da ɓawo, iskar nan tasa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma tana cin tagulla. A sa na'urar musayar zafi a tsakani, mai ɗaukar zafin kawai ta ba ruwan ɗaki, akwatin wayoyin lantarki ya zama rufaffe ruf.

Ka gyara rufin tukuna ka sake aiko mini, sai mu duba tagogi. A gaida mutanen gida.

Naka,
amininka