Agogon cajin tsohuwar mota: a bincika kafin a zargi dinamo

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili don masu tsofaffin Land Rover a Damagaram. Da allurar agogon caji, wato agogon da ke nuna wutar da ke shiga batir ko fita, ta tsaya cik, sai a ruga sayen dinamo, alhali sau da yawa laifin yana bayan agogon.

Duk wutar da ke shiga batir ko fita, ban da ta sitata, ta cikinsa take bi. A kashe inji, a kunna manyan fitilu: ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9, dole allura ta karkata gefen ragi. In ta tafi gefen ƙari, an juya wayoyi biyu na bayan agogon ne, abin da ke yawan faruwa idan an sauya ƙafar batir da ke jone da bodi. In ba ta motsa ba, a tada inji a auna batir da mita. Volt 13.8 zuwa 14.4 na nufin caji lafiya lau.

In caji lafiya lau ne, sai a duba bayan agogon, amma a cire wayar batir ta bodi tukuna, don sifana na taɓa ƙarfe tartsatsi zai tashi. Noti biyu na bayan agogon su ne matattarar matsala: girgizar hanyar Tanut tana sassauta su, ƙura da tsatsa su shiga, wurin ya ɗauki zafi har robar waya ta narke. A goge da sanfefa, a sa sabbin kawunan waya, a ɗaure tam.

Wanda ya sa altanato (na'urar caji da ke maye gurbin dinamo) mai amfiya 60 a agogo mai amfiya 30 kuwa, gobara yake nema. Ya haɗa wayoyin biyu a kan noti ɗaya, ya sa agogon volt.

Naku,
Masu gyaran wutar mota, Zinder