Kada mu jira sai an ajiye makara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ke cikina.

Duk jana'izar da na je, da zarar liman ya ce a yafe wa mamaci, sai ka ji an haɗa baki: "Mun yafe, Allah Ya yafe mana." Har da waɗanda suka shekara ba sa amsa sallamarsa. Saura ƙiris ni ma in yi wa ƙanena irin wannan yafiyar.

Shekara 9 muka yi muna gaba. Bayan rasuwar Baba ya sayar da fadamar gadonmu ba da sanina ba, ya sayi babur. Na rantse ba ni ba shi. Masallacinmu ɗaya, amma in na hango shi a sahu sai in sauya gefe. Ran Sallah matarsa ta aiko da tuwo da miyar taushe, na ce a mayar, ko murfin kwanon ba a ɗaga ba.

Wata rana ɗana ya dawo daga Islamiyya yana ta alfahari, wai ya ƙi zama tabarma ɗaya da "ɗan gidan maƙiyanmu". Shekararsa 7. Ko cikinsa ba a yi ba lokacin da aka sayar da fadamar. Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Azumi ya zo, malaminmu ya kai aya ta 22 a Suratun Nur. Sayyidina Abubakar ya rantse ya daina ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Sai Allah Ya tambaya: ba ku son Allah Ya gafarta muku? Nan take ya ci gaba da ba shi. Shi mutuncin 'yarsa aka taɓa, ni kuwa kadada ɗaya ma ba ta cika ba.

Bayan asuba na buga wa ƙanena ƙofa. Bai ba ni haƙuri ba, har yau ma bai bayar ba, kuma fadama ta tafi ke nan. In na bi ta wajen, raina kan sosu. Ya dai sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, shigo, akwai sanyi."

Yanzu a bayan wannan babur ɗin yake kai yaranmu makaranta, su huɗu.

Naku,
Wani tela daga Malumfashi