'Yan kwana-kwanan filin jirgi ba zaman banza suke yi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili in amsa wa wani bawan Allah da ya bugo waya cikin shirinku na masu sauraro, ranar da ake tattauna shirye-shiryen jigilar maniyyata. Cewa ya yi ya raka ɗan'uwansa filin jirgi, ya hango 'yan kwana-kwana zaune a inuwa suna shan shayi, manyan motocinsu a fake, shekara da shekaru ba wutar da suka kashe, amma wata na ƙarewa su riga kowa zuwa banki. Aka yi dariya aka wuce. Ni abin bai ba ni dariya ba, domin a wannan aiki na yi furfura. Na fara da hidimar jirgi a ƙasa, lodi da sauke kaya da sa wa tayoyi waigi, daga baya na koma sashen ceto da kashe gobara har na yi ritaya.

Malamin bai san dawan garin ba. Zaman da ya gani, shi ne aikin. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya cewa daga lokacin da hasumiyar masu ba jirage umarnin sauka da tashi ta kaɗa ƙararrawa zuwa lokacin da motar farko za ta isa kowane gefe na titin jirgi ta fara feshin kumfa, kada a wuce minti 3, in da hali ma 2. Dalilin shi ne jikin jirgi ba kauri gare shi ba, wutar mai ba ta daɗewa take huda shi, kuma hayaƙi ya fi wutar kanta saurin kisa. Su ma masu ƙera jirage sai sun nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi kafin a ba jirgin lasisi. To wanda aka ba minti 3, ina ya ga zarafin leƙawa kasuwa? Takalminsa da wandon aiki suna haɗe a gefen mota, zura ƙafa kawai zai yi. Ko salla kashi-kashi muke yi, wasu na sahu wasu na kusa da mota. Shayin kuwa ana sha, ba na musu, amma sau da yawa kofi na hannu ƙararrawar gwaji za ta kaɗa, shugaban aiki na tsaye da agogo yana duba wanda ya makara.

Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma na sha jin sa a majalisa: kasuwa na ci da wuta, motocin filin jirgi na nan cike da ruwa, me ya hana su fitowa? Ga yadda abin yake. Kowane fili yana da mataki daga 1 zuwa 10, gwargwadon tsawo da faɗin jirgin da ke sauka a cikinsa. Boeing 737-800 yana buƙatar mataki na 7, wato aƙalla mota 2 da lita 12,100 na ruwan haɗa kumfa mai matsakaicin ƙarfi. Manyan jirage masu tsawon mita 61 zuwa 76, irin su Boeing 777, sai mataki na 9, mota 3 da lita 24,300. Da zarar mota ɗaya ta fita ko ta lalace, in ba wata a madadinta, matakin ya faɗi, dole a sanar da matuƙa, kuma jirgin da ke hanya da ɗaruruwan mutane yana iya juyawa wani gari. Idan ba jirgin da ake jira, shugabanni kan ba da izini a kai ɗauki. Idan akwai, ba mai wannan ikon, ko da kuwa rumfar ubansa ce ke ci. Maganin gobarar kasuwa shi ne gari ya sami isassun motocinsa da famfunan ɗiban ruwa, wannan kuma magana ce ta magadan gari.

Ba kuma daga titi ake kwaso mutanen nan ba. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar, wadda Kamaru da Chadi da Nijar duk suke cikinta, tana da makaranta ta musamman a Duwala mai suna ERSI, inda ake horar da masu kashe gobarar jirage daga ƙasashe da dama. A Yamai kuma akwai EAMAC ta masu hasumiya da masu hasashen yanayi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri, in an ce aikin jirgi, matuƙi kawai suke hange, alhali ga ƙofofi nan da ake shiga ta jarrabawa. Irin maganar da aka yi a shirinku ita ke sa yaro ya ga aikin kamar na malalata.

Bari in kai ka gindin jirgi a watan Afrilu, Malam Edita. Man jirgi dangin kananzir ne, kuma daga maki 38 na zafi yana iya fara fitar da tururin da tartsatsi ɗaya ke kunnawa. A ƙasashen sanyi, man da ya zube ƙasa da wuya ya kai haka. A Garwa kuwa ma'auni kan wuce 40 a inuwa cikin bazara, balle a kan kwalta da rana tsaka, inda takalmi ke danƙo. Shi ya sa mai tankar mai, kafin ya taɓa mesa, sai ya ja wata siririyar waya ya maƙala a jikin jirgi. Wanda bai sani ba zai ce ɓata lokaci ne. Amma mai in yana gudu cikin mesa yana tara lantarki, irin wanda ke tsartar mutum in ya taɓa ƙofar mota da hunturu, kuma wayar nan ce ke hana shi zama tartsatsi. Ana barin tanka ta fuskanci hanyar fita, ba a ajiye komai a gabanta, mai shayar da man kuma yana riƙe da maɓallin da in ya saki, mai ya tsaya. Haka nan in jirgi ya sauka da nauyi birki ya yi zafi, sabon yaro zai nufi taya ta gefe da mesa a hannu. Nan ake daka masa tsawa. Ta gaba ko ta baya ake tunkarar taya, don in ƙarfenta ya fashe gefe yake watsuwa, kuma ba a kwara mata ruwan sanyi gaba ɗaya.

Maganar taya ce ta tuna mini da 11 ga Yulin 1991, ranar da Hausawa da yawa ba za su manta ba. Jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kai alhazai gida Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka. Makanike ya nemi iskar nitirojin da ake busa tayar jirgi da ita, ba a samu nan kusa ba, aka ce kada a jinkirta tashi. Tayoyi biyu suka fashe yana cikin gudu a titi, suka kama wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe su cikin cikin jirgi. Kafin ya juyo ya sauka wuta ta cinye shi. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah ya ji ƙansu. Tun jirgin yana ƙasa aka yi asarar nan, don an guje wa jinkirin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka in aka ce wa maniyyata an ɗaga tashi don ana duba wani abu, a daina yi wa ma'aikata ihu a zauren jira. Haka jirgin Concorde a Faris a 2000: wani siririn ƙarfe da bai kai rabin mita ba ya faɗo daga jirgin da ya riga shi tashi, ya yanka masa taya, mutum 113 suka mutu. Don haka ne za ka ga ƙarti sun jeru suna tafiya kai a sunkuye suna tsintar noti da tsakuwa da leda a farfajiyar jirage. Mu ma a nan gida, a watan Agustan 1984 injin wani Boeing 737 da zai zo Garwa ya tarwatse a Duwala tun yana gangarawa titi, tankin mai ya huje, jirgin ya ƙone. Fiye da mutum 100 suka tsira, biyu suka rasu.

Yanzu ga inda laifin yake komawa kanmu. Da kaka ta wuce, sai a cinna wa ciyawa wuta kusa da shingen fili don farautar gafiya ko neman sabon tsiro. Hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe wa matuƙi ido, shirwa da balbela kuma su taru suna cin ƙwarin da wuta ta koro, daidai hanyar saukar jirgi. Juji da mayanka kusa da fili su ma tsuntsu suke kira, kuma ungulu ɗaya ta isa ta kashe inji. Ga mai yanke waya don gajerce hanya ko don awaki su sami kiwo. Duk wanda ya taɓa bin akuya da mota a titin jirgi, hasumiya na tambaya a rediyo ko hanya ta buɗe, ya san abin ba wasa ba ne.

Sai kayan alhazai. Risho, tukunyar gas, fetur ɗin ashana, duk mun sha fitar da su daga buhu, mai kaya na rantsuwa bai san haramun ba ne, kuma na yarda da shi, don ba wanda ya gaya masa. Yanzu ga fawa-bank: a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin akwatin da za a sa ƙarƙashin jirgi ba, domin in batirin ya kama wuta a can ba mai ganinsa. Kuma in Allah ya kawo tsautsayi aka ce a fita, Alhaji, bar jakar. A Tokiyo, ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi ya kama wuta, mutum 379 da ke cikinsa duk suka fita da rai, kuma cikin abin da aka yaba musu har da barin kayansu a baya.

Ban ce kada a soki masu wannan aiki ba. A soke su, amma da tambayar da ta dace. Ku aika wakilinku ya tambaya ko motocin duka suna tashi, yaushe aka gwada kumfar da ke ajiye, yaushe aka yi babban atisayen gaggawa da asibitoci da jami'an tsaro, wanda bai kamata a wuce shekara 2 ba a yi ba. Ina kuma roƙon kafin jirgin farko na maniyyata ya tashi, ku gayyato ɗaya daga cikin masu aikin ya yi bayani da Hausa da Fulatanci, malaman bita su ma su sa maganar kaya da ta ƙofofin gaggawa cikin karatunsu, lamiɓe, wato sarakunanmu, da masu unguwannin da ke maƙwabtaka da filayen Garwa da Salak na Marwa da Ngaundere kuma su ja kunnen masu cinna wa daji wuta.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon ma'aikacin filin jirgi,
Garwa, Kamaru.