A Adana Aikin Marigayi Masassaƙin Unguwarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarku mai albarka in yi magana kan wani masassaƙi da ya rasu a unguwarmu nan Maraɗi bayan sallar layya. Zan sakaya sunansa saboda ƴaƴansa. A ƙuruciyarsa ɓarawon dabbobi ne, kuma jajayen awakin mahaifina suna cikin abin da ya kai shi gidan kaso. A can wani tsoho ya koya masa riƙon gizago. Tun da ya fito bai sake taɓa kayan kowa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Turminsa na ƙirya ba ya tsagewa, uwa ke barin wa ƴa. Allunan aduwa kuwa kyauta yake ba almajirai. In zai tafi neman itace dajin Baban Rafi, takardar ma'aikatan gandun daji tana aljihunsa, don ya ce shi da ɓuya sun rabu. Akwai akushin da ya kawo wa mahaifina ranar da ya zo neman gafara: baƙi wuluk, bakinsa zagaye da ƙananan zane, cikinsa sumul ba ko sawun gizago. A ciki tsohon ya ci tuwonsa har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu roba da silba sun kori akushi, ƴaƴan marigayin sun kama wasu sana'o'i, kayan aikinsa na jibge a zaure, dillalai sun fara leƙowa. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya san darajar aikin hannu, har masu sana'a ke aiki a harabarsa. Amma tsakaninmu da Yamai ya fi kilomita 600. Ina roƙon hukumomin al'adu na jiharmu su sama wa kayan nan wuri a nan gida.

Wasu dattawa na cewa ina ɓarawo ina gidan tarihi. Ina girmama su, amma mu aka yi wa satar, kuma mun yafe. In iyalinsa sun yarda, a rubuta labarinsa duka, har da kason, don yaran da ke fitowa daga can yau, ba mai ɗaukarsu ko da koyon aiki.

Akushin gidanmu ni zan fara bayarwa. A dai hanzarta, gara ta riga ta shiga zauren.

Naku,
Wani tela, unguwar Zariya, Maraɗi