Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojojin Ƙasa: A Rubuta Tarihin Bataliyoyin Yaƙin Basasa Tun Mazan Jiya Na Da Rai

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka:

Duk ranar 6 ga Yuli rundunarka na bikin ranar soja, domin a ranar ce a 1967 aka yi harbin farko na yaƙin basasar Najeriya a Gakem, kusa da Ogoja. Ranar 15 ga Janairu kuma a ajiye furanni, ranar da Philip Effiong, muƙaddashin shugaban Biyafara, ya miƙa wuya a barikin Dodan a 1970. Wata talatin ke nan ana gwabzawa, amma abin da ya fi zama a bakin mutane sunayen manya ne: Shuwa a Runduna ta 1, Murtala a ta 2, Adekunle a ta 3. Wanda ya taka dajin da ƙafarsa kuwa sojan bataliya ne. Yau in jikan wani kofur ya tambayi bataliyar kakansa, da kamfaninsa, da garin da ya faɗi, sai an sha wuya kafin a ba shi amsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sojan da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kumbura zuwa wajen 250,000. An yi wa kurata horon gaggawa, an sake kiran tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama. Runduna ta 2 ma a gurguje aka harhaɗa ta a Agustan 1967, bayan 'yan Biyafara sun tsallako kogin Neja ranar 9 ga watan sun dangana da Ore. Bataliyar da ta yi asarar mutane sai a cike ta da sabbin fuskoki, lambarta na nan amma mutanenta sun sauya. Saboda haka cewa "Bataliya ta 44 ta yi yaƙi a Uzuakoli a Afrilun 1969" bai wadatar ba. An san kwamandanta, Ibrahim Babangida, ya ji rauni a can. Su wa ke cikin kamfanoninta a ranar?

Roƙonmu shi ne a yi wa kowace bataliya kundi nata. A fara da takarda kafin baki: jerin sunaye, littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum a fagen daga, rahoton matattu da masu rauni, takardun albashi da na sallama, da fayilolin hukumar fanshon soja. A ɗauki hoton kowane shafi yadda aka same shi, kada a sake jera fayil, domin jerin kansa shaida ne. A ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya a makarantar horon soja ta Jaji.

A nan ake yawan tuntuɓe, wajen suna. Kurtun Arewa da yawa sunan garinsa ya bayar a madadin na uba, shi ya sa za ka iske Musa Kano ko Garba Zuru fiye da ɗaya a bataliya guda, ga kuma akawun da bai ji Hausa ba ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi. Lambar soja ce kaɗai ba ta da tagwai. Da ita za a ƙulla kowane bayani, kuma duk sunan da ba shi da lamba a ware shi gefe har a tabbatar.

Sai hira da mazan jiya. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75, don haka wannan aiki ba ya jiran kasafin baɗi. Tsohon soja ba kwanan wata yake riƙewa ba. Zai ce "da damina ne", ko "muna azumi", ko "bayan an harbi samanjanmu". Mai tambaya ya je da taswira da jadawalin ranakun da aka tabbatar sojojin Tarayya sun kama garuruwa: Inugu 4 ga Oktoban 1967, Fatakwal Mayun 1968, Umuahia 22 ga Afrilun 1969. A kan waɗannan zai rataya labarin. A nemi aƙalla mutum biyu daga kamfani ɗaya, a tambaye su a rarrabe, da harshen da suka fi sakewa. Kada hafsa mai kaki ya zauna a wurin, domin tsohon farabiti ko a tsufansa "daidai ne, Yallaɓai" zai yi ta cewa. Inda bakinsu ya saɓa, a rubuta duka biyun.

Kundin kuma kada ya zama kirari. Darasin yana wuraren da aka sha kashi. A Oktoban 1967 an yi ta ƙoƙarin tsallaka Neja daga Asaba zuwa Onica cikin jiragen ruwa bayan an fasa gada, abokan gaba na jira a ɗaya gaɓar, sojoji da yawa suka halaka. A Abagana, ranar 31 ga Maris 1968, doguwar tawagar motoci ta bi hanya ɗaya da tankar mai a cikinta, kwanton ɓauna ɗaya ya cinye ta da wuta. A Owerri an yi wa Birged ta 16 ta Laftanar-Kanar Etuk ƙawanya, ana jefa mata abinci da harsashi ta sama, wasu na faɗawa hannun abokan gaba, har ta fasa ta fice a Afrilun 1969. Ɗalibin Jaji na bukatar sanin yadda kowane kamfani ya yi a waɗannan wurare.

Haka kisan fararen hula da sojojin Tarayya suka yi a Asaba ranar 7 ga Oktoban 1967. Iyalan waɗanda aka kashe sun riga sun tattara sunayensu. Kundin da ya tsallake wannan rana ba wanda zai yarda da sauran shafukansa. A ji ta bakin waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ma, tunda su suka ga bataliyar daga gaba.

Rassan ƙungiyar tsofaffin sojoji na jihohi sun san wanda ke raye da wanda ke kwance. A fara da na kwancen.

Allah ya taimaki Yallaɓai.

Daga wasu masu nazarin tarihin soja