Sanarwa kan tattakin safiyar Asabar da awon jini

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da ƙanne na wannan rukuni. Da fatan kowa ya tashi lafiya.

Ana sanar da mu cewa daga Asabar mai zuwa za mu fara tattaki tare bayan sallar asuba. Za mu haɗu a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, mu zagaya ta Birni na minti 30, kafin rana ta yi zafi.

Abin da ya sa muka tsara haka shi ne, wasunmu sun daina cin tuwon dare don rage ƙiba, amma suna wuni a zaune, suna shan shayi zagaye uku da sukari cike da cokali, ga soye-soye da yamma. Yunwa kaɗai takan zubar da tsoka tare da kitse, kuma ba ta ƙarfafa zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da gishiri ƙasa da giram 5 a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Don haka a rage mai da sukari a hankali, kuma a ci gaba da tafiya a sauran kwanaki.

Kowa zai ba da dala ɗari kafin Alhamis, a hannun ma'aji, don sayen sikeli da na'urar awon jini. A zo da ruwan sha da takalmi mai laushi. Masu ciwon sukari ko hawan jini, don Allah ku fara ganin likita.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar zumunci.

Sakataren rukuni