Ga masu barin nama a Zango: me ya maye gurbinsa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya ne masu ba da shawara kan abinci a Kumasi. Muna roƙon fili saboda 'yan uwanmu na Asawase da Aboabo da suka daina cin nama.

Dalilan suna da yawa. Wani hawan jini ko ciwon suga ne, wani tsadar nama ce ta kore shi, wani tausayin dabba. Wasu maƙwabtanmu 'yan cocin Adventist da 'yan Rasta da mabiya Hindu kuwa, aƙida ce. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da sosej, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Barin naman ma iri-iri ne. Akwai mai cin kifi. Akwai wanda ya bar kifi amma yana shan fura da nono, yana cin wagashi da ƙwai. Akwai wanda ba ya taɓa duk abin da ya fito daga dabba, har zuma, kuma shi ya sani cewa shito da busasshen kifi ake yin sa.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne a cire nama a ƙara tuwo da gari. Ciki ya cika, suga ya hau. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 48 a rana. Kofin dafaffen wake yana ba da kusan 13, ƙwai ɗaya 6. Don haka waakye da shinkafa ta rinjayi wake ba zai wadatar ba, sai an haɗa da ƙosai, awara, gyaɗa ko miyar agushi. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan kafin a dafa. A sha lemu tare da abinci don jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, a jinkirta shayi awa guda, domin shayi yana hana sinadarin shiga.

Babban haɗarin shi ne rashin bitamin B12. Babu shi a wake, babu a kontomire ko ayoyo. Baligi yana bukatar maikirogiram 2.4 kullum, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum ke ganin lafiya lau kafin kasala, ƙarancin jini da mutuwar tafin ƙafa su bayyana. Idan aka yi sakaci, jijiya kan lalace har abada. Duk wanda ya bar nono da ƙwai da kifi dole ya sha ƙwayar B12, musamman mai juna biyu da mai shayarwa, domin jariri daga jikin uwa yake samu. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, ma ya nemi a gwada jininsa, don maganin yana rage B12.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Asawase, Kumasi